Idon magini da idon maɗinki: ka'idojin zane a ƙasar Matamaye



Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19. Wannan hasara ta tuna mana cewa aikin hannun kakanninmu yana iya ɓacewa cikin yini guda. Amma mutum ba ya tsaron abin da bai san darajarsa ba. Don haka muka ga ya dace mu bayyana ka'idojin da ke sa zane ya yi kyau, da misalan da kowa ke gani a Matamaye da Kance, kan hanyar Daura.

Mafarin kowane zane layi ne. Mai zanen ƙwarya yana jan layi da wuƙa mai zafi, magini kuma yana jan nasa da yatsa ko ƙarfe tun yaɓe yana ɗanye. Miƙaƙƙen layi yana nuna tsayuwa da ƙarfi, lanƙwasasshe yana sa ido ya yi ta yawo. Idan layi ya koma inda ya faro, sai siffa ta fito: da'ira, ko mai kusurwa uku, ko mai huɗu. Dagin da ake gani bisa ƙofar zaure layi ne da ya saƙu da kansa, har mai kallo ya rasa farkonsa da ƙarshensa.

Na biyu shi ne launi, kuma ƙasarmu ce ke ba da shi. Marina suna samun shuɗi daga baba. Dukawa suna samun ja daga karan dafi, baƙi kuma daga kuloko, watau ƙarfen da aka jiƙa tare da bagaruwa. Magina suna da farar ƙasa da jar ƙasa. Gwani ya san launi ba ya magana shi kaɗai: farin zare bisa baƙar riga ana hango shi daga nesa, amma bisa farar riga sai an matso kusa. Wannan shi ne bambanci.

Na uku shi ne laushi da kaushi. Rawanin da ya sha bugu yana ƙyalli, gwado kuwa da kaushinsa. Haka bango yake: zanen da aka tayar da shi sama da fuskar bango yana yin inuwa da hantsi, ya sake kama da la'asar.

To, yaya ake haɗa waɗannan? A nan ne gwaninta take.

Ka'ida ta farko daidaito. A fuskar zaure, abin da ke dama shi ke hagu, ƙofa tana tsakiya, zankwaye suna tsaye bisa kusurwoyi. Amma a dubi babbar riga mai aska takwas: yawancin aikin yana wajen aljihu, a hagun mai riga, ɗaya gefen kuma tambari ne kawai. Duk da haka ido ba ya jin rigar ta karkata, domin filin da aka bari babu ɗinki yana da nasa nauyi. Almajirin da ya cika ko'ina da ado bai gama koyo ba.

Ka'ida ta biyu maimaici. Mai saƙa faifai ko tabarmar kaba tana jera ja da fari, ja da fari, kamar yadda makaɗi ke riƙe kiɗa. Idan ta ɓata jeri sau ɗaya, mai saye zai gani tun daga nesa.

Ka'ida ta uku gwargwado: ado ya yi daidai da girman abin da aka yi wa. Babban gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya bar mana misali a bakan gizon da ke ɗauke da rufin.

Duniya ta san darajar wannan gado. A shekarar 2006 Nijar ta sa tsohon garin Damagaram cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar Unesko, kuma a 2013 tsohon garin Agadas ya samu wannan shaida. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, an yi wa ɗakunansa ado irin na ginin Hausa.

Saura aiki a gida. Siminti da kwanon rufi suna da amfani, amma maginin da ya iya makuba da zanen bango idan ya rasa mai kiransa, ɗansa ba zai koya ba. Ya kamata hukumomin gari, idan za su gina ofis ko makaranta, su tuna da maginan gargajiya. Malaman lakol su kai yara su ga aiki da idonsu. Ku kuma da kuka ci nasarar yaƙi da jahilci, ku ɗauki alƙalami ku rubuta sunayen zane daga bakin tsofaffi tun suna raye.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.