Ƙarin muƙamuƙi, kumburin da ba ya zafi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wani ƙari da ke fitowa cikin ƙashin muƙamuƙi. Likitoci suna kiran sa amelobulastoma. Bai cika yawa ba, amma mayaudari ne, domin da farko ba ya zafi. Mutum yana nomansa, yana cin tuwonsa, kunci kuwa yana ta tasowa wata bayan wata.

Ba jifa ba ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani. Yana tsirowa ne daga ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori tun ƙuruciya. Cikin mutum 10 masu shi, wajen 8 a muƙamuƙin ƙasa yake kama su, galibi can ƙurya. Ya fi samun manya.

Da wuya ya yaɗu zuwa sauran jiki kamar ciwon daji. Amma inda ya zauna yana cin ƙashi daga ciki, kamar yadda gara take cin ƙafar rumbu. Haƙora su soma girgiɗi, su kauce daga wurinsu. Ƙashi ya yi ta raguwa har ya zama kamar ɓawon ƙwai. In an daɗe, tauna da magana su gagara.

Kada a haɗa shi da hangum, wanda ke sacewa cikin kwana 10 ko kusa. Kumburin ruɓaɓɓen haƙori kuma da zogi yake zuwa. In yaro ne kuncinsa ya kumbura cikin ƴan makonni, wannan wata cuta ce, a gaggauta kai shi likita.

Sakiya da ƙaho ba su kai wa ga wannan ƙari, sai dai su buɗe ƙofar ruɓa. Ƙwaya da allura ma ba su narkar da shi. Maganinsa aikin tiyata ne.

Wanda ya ga kumburi mai tauri ya wuce wata ɗaya, ya fara da likitar Sukukutane. Daga nan a tura shi Dogondutsi ko Doso, har babban asibitin ƙasa na Yamai, inda masu aikin baki da fuska suke. A hoton ƙashi, ƙarin yakan fito kamar saƙar zuma. Sai a ɗebi ɗan yanki a auna don a tabbatar.

Likita yakan cire ƙarin tare da wajen santimita 1 na lafiyayyen ƙashi a kewayensa, domin in an kankare shi kawai, yakan dawo. In giɓin babba ne, a cike shi da ƙashin ƙugu, ko na haƙarƙari, ko na ƙafa. Tafiyar tana cin kuɗi, gaskiya ne. Sai dai ƙaramin ƙari ƙaramin aiki ne, kuma wanda ya ce sai kaka ta gaba, ƙarin ba ya jiran kaka.

Bayan aiki, a adana takardun asibiti, a riƙa komawa awo kowace shekara. Yakan sake tsirowa ko bayan shekara 10.