Ɗan Allo a Gidan Gandu

A ƙauyukanmu na tsakanin Tambuwal da Kebbe, da wuya ka rasa gidan gandun da aka ware ɗa guda domin karatu. 'Yan'uwansa su saɓi kalme da asuba, shi yana zaure da allo da tawada. In kaka ta yi ba a hana shi daminsa, domin tsoho ya riga ya ce a bar shi, albarkar karatunsa ta gida ce. Muddin shi kaɗai ne, ba ka jin ƙorafi. Magana tana tashi ne ranar da ya tara 'ya'ya goma, kowanne ya ce shi ma allo ya gada, alhali rumbun bai ƙaru ba.

Wannan gidan nake tunawa duk sanda na ji labarin jam'iyyun addini na Yahudawa a Isra'ila. A 1948, firaminista na farko, David Ben-Gurion, ya yafe wa ɗaliban Attaura kusan 400 aikin soja, wanda tilas ne a kan sauran matasan Yahudawa. A lokacin an ga kamar 'yan tsiraru ne da suka tsira daga kisan kiyashin Turai, a bar su su raya ilmin da ya kusa ɓacewa. A 1977 gwamnatin Menachem Begin ta cire iyakar adadin. Yau masu tsananin riƙon addinin nan, da ake kira Haredi, sun haura kashi 13 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, matansu kan haifi 'ya'ya shida ko fiye, masu zaman karatu kuwa sun kai dubun dubata.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a ce musu su fito gona? Lissafi ne ya hana. Majalisar Isra'ila, Knesset, kujeru 120 gare ta, kuma ba jam'iyyar da ta taɓa cin 61 ita kaɗai a zaɓe. Kowane firaminista kamar manomi ne mai sa guda: garma ba ta tafiya sai ya aro na maƙwabci, mai san aro kuwa shi ke faɗin sharaɗi. A zaɓen Nuwamba 2022 jam'iyyar Likud ta Netanyahu ta sami 32. Shas, jam'iyyar Yahudawan da asalinsu ƙasashen Larabawa ne, wadda aka kafa a 1984 a inuwar malaminsu Ovadia Yosef, ta kawo 11. Haɗakar Yahadut HaTorah ta masu asalin Turai ta kawo 7. Sai 14 na masu haɗa addini da kishin ƙasa, ɓangaren Smotrich da Ben-Gvir. Waɗannan na ƙarshe daban suke: 'ya'yansu na shiga soja, kuma idonsu yana kan filayen Falasɗinawa a Yammacin Kogin Jordan.

Su Haredi, wato Shas da Yahadut HaTorah, ba mulkin ƙasar suke nema ba. Abin da suke so a bar musu shi ne gayaunarsu: kuɗin makarantunsu, hutun Asabar, aure da saki a hannun malamai, da kuma kada a taɓa ɗalibansu. Wanda ya ba su wannan shi ne nasu. Shas ta shiga gwamnatin Rabin a 1992, ga ta kuma shekara da shekaru tare da Netanyahu. 'Yan majalisarsu ma ba su da ta cewa sai abin da majalisar manyan malamai ta yanke. Mu nan Nijeriya tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambarin addini, shi ya sa namu malaman suke bi ta mumbari da zauren ɗan takara, ba su da akwatin kansu. Amma lissafin ba baƙonmu ba ne. A 2011 Aminu Waziri Tambuwal ya zama kakakin majalisar wakilai ne da ƙuri'un 'yan adawa, ba da son shugabannin jam'iyyarsa ba.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne yaƙin Gaza. Ka ɗauka unguwa ce da ɓarayi suka dama, aka ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya na sintirin dare, wani gidan ya ce su addu'a za su riƙa yi. Wata ɗaya za a yi haƙuri. Da an fara ɗauko gawa, sai a fara ƙirga gidaje. Magidantan da aka yi ta mayarwa fagen daga sau uku sau huɗu suka fara tambaya, har cikin masu zaɓen Likud. A watan Yuni 2024 kotun ƙoli ta ce babu dokar da ta ba da damar yafewar, dole a ɗauki ɗaliban Haredi aikin soja, a kuma daina biyan makarantun da ɗalibansu suka ƙi zuwa. Da gwamnati ta kasa kawo sabuwar dokar da za ta kare su, Yahadut HaTorah ta fice a watan Yuli 2025, ministocin Shas su ma suka ajiye muƙamansu, amma jam'iyyar ba ta koma wajen 'yan adawa ba. Fushin amarya ne, wadda ta fita ɗaki ta tsaya a bakin zaure.

A ganina yawan haihuwar nan shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma damuwarsu. Kowane zaɓe ƙuri'arsu na ƙaruwa, kowace shekara kuma nauyin ciyar da su na ƙara danne masu biyan haraji. An taɓa kafa gwamnati ba tare da su ba, a 2013 da kuma 2021, ta farkon ma ta rage kuɗin makarantunsu. Ba ɗayan biyun da haɗakarta ta cika shekara biyu, kuma da Netanyahu ya sake harhaɗa gwamnati a 2015 da 2022, ƙofarsu ya koma ya ƙwanƙwasa.