Ciwon Ƙafa A Jikin 'Yan Tsaki: Wanne Ake Gyarawa A Gida, Wanne Ne Na Likita?

Yau hirarmu a bakin akurki za mu yi ta.

Mace tana cikin gidanta, ta ɗebi adashi ko ta sayar da ƙuli-ƙuli, ta aika an sayo mata 'yan tsaki 20 ko 50 daga Zariya, da niyyar su isa sayarwa kafin Sallah. Kwana biyu sai ta ga wani ya baje ƙafafu, wani yana tafiya da gwiwa. Tsakon da ba ya iya tsayuwa ba zai kai ga ruwa da abinci ba, 'yan uwansa za su tattake shi. Kafin ki ankara, jari ya fara zurarewa. To ki sani, ciwon ƙafa ba iri ɗaya ba ne, kuma kafso ja-da-yalo da ake yawan fasawa a ruwan sha ba ya miƙar da ƙafa. Abin yi na farko shi ne ki ɗaga tsakon ki duba shi da kyau.

Na ɗaya, bajewar ƙafa. Za ki ga ƙafafun sun buɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, cikinsa a ƙasa, amma idonsa garau kuma yana son cin abinci. Yawanci santsi ne ke jawo wannan. Tsako sabon ƙyanƙyasa ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, in aka sa shi a kan jarida, ko leda, ko buhun taki, ko siminti mai sulɓi, sai ƙafar ta riƙa zamewa har ta saba da haka. Ki samu filasta ko ƙyalle mai laushi, ki naɗa a ƙafa ɗaya ƙasa da gwiwa, ki haɗa da ɗayar, ki bar tazara kamar faɗin yatsunki biyu, yadda zai tsaya kamar sauran. Kada ki matse, kuma kada ki sa zaren ɗinki ko robar ɗaure kuɗi, suna yanka fata su tare jini. Ki ware shi a cikin kwali mai shimfiɗar buhun algarara, abinci na kusa da bakinsa. Ruwan shansa ki zuba a faranti marar zurfi, ki jefa 'yan tsakuwoyi a ciki don kada ya faɗa ya nutse. Kullum ki duba ɗaurin, bayan kwana 3 ko 4 ki kwance ki gani. In an kama abin a kwanakin farko, da yawa suna miƙewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, naɗewar yatsu. Yatsun sukan dunƙule ciki, tsako ya koma zama a kan gwiwa. In da yawa suka yi haka bayan mako ɗaya ko biyu, ki zargi abinci, domin alama ce ta ƙarancin bitamin B2. Ki aika a sayo miki bitamin na kaji na zubawa a ruwa a shagon magungunan dabbobi, a bi awon da ke jikin takardar. Shi kuma wanda yatsunsa suka naɗe, ki yanka kwali daidai tafin ƙafarsa, ki shimfiɗa yatsun a kai, ki manne da filasta, kamar kin yi masa takalmi. Bayan 'yan kwanaki ki cire.

Na uku, taushin ƙashi. Tsako ya yi taku biyu ya zauna, in kin taɓa bakinsa ki ji yana lanƙwasa kamar roba. Wannan rashin sinadaran gina ƙashi ne, wato kalsiyam da fosfaras, da kuma bitamin D wanda hasken rana ke taimaka wa jiki ya samar. An fi ganinsa inda aka rufe 'yan tsaki a ɗaki mai duhu ana ba su dusa da ɓarzajjen masara kawai. Tsakon kazar Hausa yana bin uwarsa tsakar gida, ya sha hantsi, ya tsinci gara da ganye. Na gidan gona kuwa, musamman buroila mai saurin nauyi, abin da kika zuba masa kaɗai ya dogara da shi. Don haka a makonnin farko a daure a sayi abincin 'yan tsaki na buhu, wanda masu shago ke kira sitata, ko da awon mudu ne. Amma a kula: kada a ba su abincin kaji masu ƙwai. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya ninka abin da tsako ke bukata sau uku zuwa huɗu, yana lalata masa ƙoda.

Akwai kuma gocewar jijiya, inda gwiwa ke faɗaɗa, ƙafa ɗaya ta murɗe gefe. Shi ma daga abinci yake, amma in jijiyar ta riga ta goce da wuya ta koma. A gyara abincin don a tsirar da sauran.

Yanzu ga waɗanda ba na gida ba. In gwiwa ta kumbura kuma kin ji ta da zafi, ƙwayar cuta ce ta shiga, sau da yawa daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. In shanyewar ƙafa ta zo da murɗewar wuya, koren kashi, da wahalar numfashi, wannan na iya zama cutar Niyukasil da ke share kaji, musamman da hunturu. Ba ta da magani sai rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato na yin maganin rigakafinta. In kuwa sun haura mako 6, kika ga ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya, ana zargin cutar Marek, wadda rigakafinta tun ranar ƙyanƙyasa ake yi. Shi ya sa mai sayo miki 'yan tsaki ya tambaya ko an yi musu.

A irin waɗannan, ki ware marar lafiya nan take, ki wanke hannu da sabulu, ki sanar da maigida. Ya nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko ya kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ba sai kin fita ba. Ki ɗauki hoto ko bidiyo a waya, ki faɗi kwanakin 'yan tsakin, da abincin da suke ci, da yawan waɗanda suka kamu, a kai wa likita. In kuma suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa. Mu tuna a nan Jihar Kaduna, a wata gona a Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a shekarar 2006.

Uwargida, tun kafin 'yan tsaki su iso ki shirya musu wuri. Ki zuba buntun shinkafa ko ɓawon katako na wurin kafinta, kaurin yatsu uku, ki shimfiɗa buhun algarara a sama na kwanakin farko don kada su ci. Duk inda ya jiƙe ki kwashe. Ki ba su ɗumi, domin in sanyi ya kama su hawa kan juna suke yi, su ji wa juna rauni. In da gawayi kike ɗumama su, ki bar kafar shigar iska. Sannan kowace safiya, kafin ki ɗora tukunya, ki tsaya ki ga kowane tsako ya tashi ya taka zuwa wurin abinci. Wanda ya ƙi tashi, ranar za ki duba shi, ba gobe ba.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka, ya kare mu daga asara.