Kufai da labarin aljanu: Abin da mai yawon ƙafa a Tambuwal da Kebbe ya kamata ya sani

A ƙauyukan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, da wuya a rasa wani kufai ko wata tsohuwar kuka da ake cewa tana da masu ita. Yara kan tashi da gargaɗin kada su zauna a gindin tsamiya da tsakar rana, kada kuma su ratsa kufai bayan magariba, don gudun yin gamo. Wasu kan ce fatalwar mutanen da suka taɓa zama a wurin ce, wasu su ce aljanu ne.

Ko mutum ya gaskata ko bai gaskata ba, waɗannan labarai suna da amfani ga mai son taka sawu ya ga tarihi. Kuka kan daɗe ɗaruruwan shekaru, kuma inda aka ga kukoki sun taru a daji, galibi gari ya taɓa zama a wurin. Tsoron masu ita ne ya sa gatarin mai itace da mai gawayi ya tsallake da yawa daga cikinsu. Gargaɗin magariba ma yana da dalili, domin a kufai akwai tsofaffin rijiyoyi da ramukan marina da ciyawa ta rufe, ga kububuwa da ke fitowa idan duhu ya yi.

Yankin yana da tarihin da ya cancanci a bi shi da ƙafa. Tambuwal, wanda ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, gari ne na zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma hanyoyin ƙafa da na jakuna sun daɗe suna haɗa shi da garuruwa irin su Jabo, Dogon Daji da Sanyinna. Kufai mafi shahara a jihar kuwa shi ne Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi na ƙarni na 16, can arewa da Tambuwal, wanda aka sa a jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007.

Sai dai abin da ya fi hana mutane shiga daji a yau shi ne 'yan bindiga. Kebbe ta yi iyaka da Zamfara, kuma ƙauyukanta sun sha fama da hare-hare da satar mutane. Don haka duk wanda zai fita ya fara da gaida hakimi ko mai gari, ya nemi izini da ɗan jagora daga mutanen wurin, ya kuma ji shawararsu idan sun ce hanya ba ta biyuwa. A tafi cikin ayari, da sassafe, a dawo kafin la'asar sakaliya. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa, domin zafin bazara kan haura maki 40, da damina kuma fadamu kan cika. A riƙe isasshen ruwa, a sa takalmi rufaffe, kada a ɗauki ko da tsingaro daga kufai.

Dattawan da suka san sunan kowane kufai da dalilin tashinsa suna ƙarewa, rashin tsaro kuma yana tilasta wa wasu ƙauyuka tashi. Matasan da ke tambayar masu neman ƙuri'a batun tsaro suna iya haɗawa da tambayar ko akwai wani tanadi na rubuta tarihin waɗannan wurare da killace su.