Bindigar Iska da ta Albarushi: Ina Kuɗin Maharbi Yake Tafiya?

Yau filin wasan harbi za mu leƙa, irin wanda ake fafatawa a gasar Olamfik, mu ɗora bindiga iri biyu a kan sikeli: wadda iska ke tura ƙwayarta, da wadda albarushi ke tashi a cikinta. Matsayina shi ne, mai son ƙwarewa a harbi ya fi kashe kuɗi wajen jan kunama a kan abin da ya biya ranar sayen bindiga, kuma a nan ta iska ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau.

Da can ba haka lamarin yake ba. Wajen shekarar 1780 sojojin Ostiriya suka fara riƙe wata bindigar iska da wani maƙeri, Bartolomeo Girardoni, ya ƙera. A zamanin da soja ke ɗura albarushi ta bakin bindiga bayan kowane harbi, ita wannan tana ɗaukar ƙwaya wajen ashirin a jere, kuma ba ta hayaƙi. Tukunyar iskarta a gindin bindigar take, sai an buga famfo wajen sau 1,500 kafin ta cika. Sau 1,500, jama'a, domin harbi talatin ko makamancin haka! Bindigar iska ce kuma wasu masu bincike biyu, Lewis da Clark, suka riƙe a tafiyarsu ta ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, suna harba ta a gaban al'ummomin da suka tarar, mutane suna ta al'ajabi. To me ya sa Ostiriya ta jingine ta? Ƙera tukunyar da za ta riƙe iska ba yoyo aiki ne mai wuya da tsada, kuma da ta ɗan tsage ta tashi aiki. A wancan zamani ta iska ita ce bindigar masu hali.

Yau reshe ya juye da mujiya, kuma dalilin yana cikin harsashi. Harsashin albarushi abu huɗu ne aka haɗa: kwanson tagulla, da sinadarin da ke kunna wuta, da albarushin, da dalmar da ke fita. Kowanne da kuɗinsa, kuma duk suna tafiya a harbi ɗaya. Ƙwayar bindigar iska kuwa 'yar dalma ce zalla, faɗinta milimita 4.5, nauyinta wajen rabin giram. A gwangwani ake sayar da ita, 500 a ciki, alhali harsashin da ake gasar mita 50 da shi 50 ne a kwali. A Turai kuɗin gwangwani ɗaya na gasa bai cika wuce na kwali ɗaya na harsashin gasa ba. Ku lissafa: 500 a nan, 50 a can. Zagayen share fage kaɗai a gasar mita 10 ta bindigar iska harbi 60 ne, kuma ɗigon tsakiya da ake nema rabin milimita ne. Babu mai samun wannan ɗigo sai wanda ya yi harbi dubbai a kan dubbai.

Sai batun wuri. Mita 10 tana shiga zauren makaranta, ita kuwa ta albarushi sai fili mai tsawo, da katangar tare harsashi, da abin toshe kunne, da lasisi. Abhinav Bindra, wanda ya ciyo wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a gasar Olamfik, a Beijin a 2008, a wurin harbin da mahaifinsa ya gina masa a gida ya yi atisaye, kuma da bindigar iska ya ci.

Wani zai ce, ai bindigogin gasa na kamfanoni irin su Feinwerkbau da Walther suna haura Yuro dubu biyu, ga tukunyar iska, ga famfo. Gaskiya ne, sun fi bindigogin albarushi da yawa tsada. Sai dai sau ɗaya ake biyan wannan kuɗi, harsashi kuwa kullum ne, kuma mai koyo zai iya farawa da mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana ta da hannu. Wani kuma zai ce ba ta koyar da karatun kaɗawar iska a nesa, ba ta kuma naushin kafaɗa. Shi ma ya yi gaskiya, mai son gasar mita 50 dole wata rana ya biya kuɗin harsashi. Amma tsayuwa, da riƙe numfashi, da lallaɓa kunama, duk a mita 10 ake gina su.

Lokaci ya yi mana halinsa, sai gargaɗi ɗaya: arha ba ta mai da ita abin wasan yara ba, tana makanta ido, tana kisa. Shi ya sa tun ƙarshen 2016 sai da lasisi ake mallakarta a Sikotilan.