Ko Kun Sani? Jirgin Mubarak na Kano

Ko kun san a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da hannunsa? Wata takwas ya yi yana fama. Injin Honda Civic ya sa masa, kujerun na tsohuwar Toyota ne, wasu ƙarafan kuma daga tarkacen Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano ya tsinto su.

Jirgin, mai ruwan ɗorawa, ya tashi kam, sai dai bai taɓa wuce ƙafa 7 ba. Karan dawa a gonakin Ɗambatta ma ya kere shi! Gara hakan, tunda na'urar auna nisansa daga ƙasa babu ita a ciki.