Lambun Haya a Gefen Birnin Lids

Tun kafin hazo ya washe ranar Asabar ake jin ƙarar kwaɗon ƙofar lambun. Fili ne a gefen birnin Lids na Ingila, ƙaramar hukuma ta yanka shi fuloti-fuloti tana ba mazauna haya shekara-shekara. Cikakken fuloti murabba'in mita 250 ne, amma an raba da yawa gida biyu saboda masu jiran layi.

Kowa da 'yar rumfarsa ta katako da gangar tarar ruwan sama. Nan dankali da kabeji, can albasa. Wani dattijo ɗan asalin Jamaika ya cika nasa da ganyen da suke kira kalalu, wanda alayyafo ne kawai in ka duba da kyau. Maƙwabciyarsa 'yar Bangaladash ta ɗaura wa dumanta tanka, har da leda saboda sanyi. Sun fi shekara goma suna musayar iri.

Da can hirar wurin ba ta wuce dodon koɗi da ke cinye latas cikin dare. Yanzu ta koma kan takardar ƙarin haya.

Hukuma na cewa aljihunta ya bushe, ga kuɗin ruwan famfo, ga gyaran shinge. Ba ƙarya ba ne, tunda ko hukumar birnin Bamingaham ta bayyana a 2023 cewa kuɗinta sun kasa. Su kuwa masu lambu sun san doka kamar lauyoyi. Dokar 1908 ce ta wajabta wa hukuma duba batun samar da filin in mutum shida suka nema, ta 1950 kuma ta ce haya kada ta wuce abin da hankali zai ɗauka. Da wannan hujjar masu lambun Lids suka kayar da hukumarsu a babbar kotu a 2014.

A ganina, saɓanin ya fi kuɗi zurfi. A ofis lambun nan nishaɗi ne, kamar filin wasa. Ga ɗan fansho kuwa cefane ne, kuma ba a ba shi filin don ya yi kasuwanci ba, balle ya mayar da kuɗin haya daga cinikin kabeji.

Dattijon dai ya ninke takardar ya cusa a aljihun kwat, ya koma kan tafarnuwarsa. Ita sai an binne ta kafin ƙasa ta daskare.